Waƙar Mai Rumbun Laka

Bazarar bana ta zo mana da zafi da 'yan siyasa, kuma ban san wanda ya fi hana ni barcin rana ba. Tun hantsi motoci masu lasifika ke ratsa ƙauyenmu, wata daga Tanut, wata daga Belbeji, kowace da mawaƙinta. Jiya wata ta tsaya daidai bakin rijiya tana shela wai ɗan takarar wancan parti ya ɓoye hatsin taimako yana jiran tsada. Kafin la'asar sai ga ta abokan hamayya, ta ce ƙarya ne, na waɗancan ne ma ɓarawon, kuma uwarsa ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ni ina kan tabarma na ce oho, duk wanda ya ci ni dai furata zan sha.

Da motocin suka tafi gari ya yi shiru, sai na ji Zuwaira, tattaɓa-kunnena, tana daka a bayan ɗaki tana rera waƙa:

Habu, Habu mai rumbun laka,
Gari na kuka, kai kana daka,
Buɗe mu gani, ko ka ci kai ɗaya,
Habu, Habu mai rumbun laka.

Sunan nan da kuka gani jikana ne da ke rubuta mini wannan labari ya sa shi. Ni bakina bai taɓa faɗarsa ba, don sunan mai gidana ne, Allah ya jiƙansa. Zuwaira ba ta san ko wane ne ba. A wurinta waƙar daka ce kawai, ta same ta a bakin uwarta. Ni kuwa na san ranar da aka ƙirƙire ta, na san wadda ta ƙirƙira, don a gaban idona aka fara rera ta.

Shekarata ta biyu ce a ɗakin miji, ina ɗauke da cikin fari. Lokacin Nasara bai daɗe da zama a ƙasar nan ba, ba ƙuri'a, ba parti, ba rediyo. Ƙasarmu Damargu kuwa kowa ya san ƙasar gero ce, Buzaye na saukowa daga Abzin da gishiri da dabino su koma da hatsinmu. Amma daminar da ta wuce ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke gero na bununi, abin da ya tsira kuma fara ta bi ta kansa. Kafin bazara ta yi nisa rumbunan gari sun ƙare.

Rumbunan ƙauyenmu duk na zana ne, ban da namu. Surukina ya taɓa fatauci zuwa kudu, ya ga rumbun laka, ya dawo ya gina ƙato a tsakar gida, mai baki a sama da 'yar jinka a kai. Daga kowace unguwa ana hango shi. Tun babbar yunwar da ta watsa ƙauyuka muna yara mutane suka saba cewa, in ta yi tsanani akwai rumbun laka.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun miji, ko tsaninsa ba ta takawa. Mai gida ne ke shiga ya ɗebo ya ba ki, ki karɓa da hannu biyu, ba ki tambayar saura nawa. Tsofaffi na cewa idon mace na korar albarkar hatsi. Ni da na girma na gane an yi haka ne don kada hankalinki ya tashi, kuma don a rufa wa namiji asiri ranar da ba shi da shi.

Kullum bayan sallar asuba mai gidana zai jingina tsani ya hau, ya ɗaga jinka, ya shige. Can sai ya fito da zangarniyar gero ya miƙo mini. In yi sussuka, in sheƙe, in surfa, in daka, rana ba ta yi zafi ba na dama fura. Daga nan sai rijiya. Rijiyoyinmu kun san zurfinsu, sai sa ya ja igiya har ya yi nisa kafin guga ya leƙo, a bazarar nan kuwa san ma sai an ɗaga shi da safe. Da azahar yashi ba ya takuwa. Iska in ta taso sai ka ji ta busar maka da yawu. Da yamma mu mata mu fita jeji tsinkar 'ya'yan itacen anza, mu jiƙa ta ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu. Muka sussuke ƙarangiya har hannuwanmu suka kumbura. Wasu suka koma tonon gidan tururuwa suna ƙwace abin da ta tara.

Abin da ya riƙe gari shi ne tsohon mai gari, baffan mai gidana. Duk Juma'a yakan zauna a zaure da masaki, kowane gida ya sami ɗan abin da zai gauraya da anza. Ba wanda ya tambayi inda tsoho ke samu.

Wata safiya mai gidana ya sauko daga rumbu da ƙwarya, ciki tsabar gero ce, ba zangarniya ba. Rumbunmu kuwa dami ake zubawa, ba a taɓa zuba masa tsaba ba. Na dube shi, ya kau da kai.

"Na sa an sussuke miki," in ji shi. "Da wannan cikin naki ai sussuka ta yi miki yawa."

"Allah ya saka da alheri, Malam," na ce.

Geron ba namu ba ne. Hannun da ya surfa geron gona ɗaya shekara biyu ya san shi. Wannan ƙwayarsa ta fi haske, da warin buhu a jikinsa. Washegari na kasa kunne. Da ya shiga rumbu ya yi tari, sai na ji rumbun ya amsa masa. Rumbu cike ba ya amsa murya. Daga ranar na lura yakan fita da sassafe wai duba gona, ya dawo da babbar riga a wannan zafi, hannunsa ɗaya dafe da ciki, sannan ya hau tsani. Burgami ne, jakar fata, a ƙarƙashin rigar. A cikin rumbu yake juye shi a ƙwarya ya sauko mini da shi kamar ɗebowa ya yi. Takobin ubansa ya ɓace daga bango. Jakinmu ya tafi kasuwar Falanko bai dawo ba, wai aro aka yi. Ban san inda hatsinmu ya tafi ba, amma na san rumbunmu ya ƙare, kuma na san mutumin nan yana hawa tsani kowace safiya don kada in sani. Sai na ƙyale shi da abinsa. Wallahi ban taɓa sonsa kamar a kwanakin nan ba.

Ana cikin haka tsohon mai gari ya kwanta, bai tashi ba. Rabon Juma'a ya tsaya. Sarki ya aiko cewa masu gida su shirya, wakilinsa na zuwa a fitar da sabon mai gari a kai sunansa wurin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar. Mutum biyu ne a gidan sarautar: mai gidana, da Kalla ɗan marigayin, wanda mai gidana ya girme shi. Tare suka yi kiwo, tare aka yi musu kaciya. Kalla ba mugu ba ne, amma yana son rawanin nan ƙwarai, kuma ya san in aka bar mutane da zuciyarsu bayan yayansa za su tsaya.

Kalla na da ƙanwa, Yaha, mai zaƙin murya da kaifin harshe. Ita ce lasifikar zamaninmu. Ina bakin rijiya da tulu ta dube ni, ta buga tafi, ta fara waƙar nan. Kafin a cika tulu uku mata sun ɗauki amshi. Kafin Juma'a ta zagayo babu turmin da ba ya faɗar sunan mijina, ko da anza ce a ciki. Abin haushin, waƙar ta yi daɗi. Ta zauna daram a kan taɓarya.

Ba su tsaya a waƙa ba. Akwai Buzaye da suka yada zango arewa da gari. Wata safiya aka tashi aka ga gero a zube, ƙwaya-ƙwaya, tun daga ƙofar gidanmu har kusa da zangon. A shekarar da ake fashin gidan tururuwa, an sami mai zubar da gero a hanya! Yara suka bi suna tsinta suna watsawa a baki, manya suka bi yaran da ido. Magana ta fita cewa mai rumbun laka na sayar wa Buzaye hatsi alhali 'yan'uwansa na binne yara. Wani ya rantse ya ga raƙumi durƙushe a bayan danganmu. Wanda kuma ya ɗaga kai da safe ya ga mai gidana a kan tsani da ƙwarya, me ya rage a gaya masa? Aka daina amsa masa sallama da kyau. A masallaci in ya shiga sahu sai a ɗan matsa.

Ya dawo gida, ya zauna a inuwar rumbun, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Malam," na ce masa wata rana ina miƙa fura, "ka ji abin da ake cewa?"

"Na ji, Dije. Muryar Yaha ai ba ta ɓoyuwa. Tun tana ƙarama na ce yarinyar nan za ta yi waƙa."

"Ba za ka ce komai ba?"

"Ruwa ya kusa," ya ce. "Sha taki furar."

Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke shi, kuma na kusa faɗarta. Ranar a rijiya Yaha ta zo har gabana tana waƙa tana nuna cikina, wai ga inda geron gari ya tafi. Na ajiye tulu, na buɗe baki zan ce ku zo ku buga rumbun ku ji. Sai maƙwabciyata, mai goyo da yara uku, ta riƙo zanena. Ba don ta hana ni faɗa ba, roƙo take.

"Dije, don Allah ki lallashe shi ya buɗe. Mun ɗaure kayanmu tun wancan mako za mu bi hanyar kudu. Mai gidanmu ya ce mu dakata, ko an jima ko an daɗe dole a buɗe rumbun nan. In ba don shi ba, da rabin garin nan ya tashi."

Sai na rufe bakina. Na san hanyar kudu a bazara, na san waɗanda suka bi ta muna yara, da waɗanda ba su kai ba. Wanda ya kai ma ya rasa shuka, wanda ya rasa shuka kuwa ya sayi yunwar baɗi. Mutanen nan suna zagin rumbun, amma saboda shi suke zaune. Shi ya sa mai gidana ya yi shiru. Na ɗauki tuluna na koma gida ina kuka, Yaha ta ɗauka waƙarta ce ta sa ni.

Ranar zaɓen aka taru a ƙarƙashin babbar aduwa da hantsi. Yadda ake yi a lokacin, masu neman sarauta su tsaya, kowane mai gida ya tashi ya je bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Mu mata muna leƙe ta kafar zana. Kafin a fara wani daga mutanen Kalla ya ɗaga murya.

"A gaban wakilin sarki, ya buɗe rumbu mu gani! In babu komai mu ba shi haƙuri."

Wakilin ya juya ga mai gidana. Mai gidana ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbun ubana ne. Ba a buɗe shi da ihu."

Shi ke nan. Na ga mutanen da ya yi wa jinka, waɗanda ya raɗa wa 'ya'yansu suna, suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna wucewa bayan Kalla, kansu a ƙasa. 'Yan tsiraru suka tsaya masa. Aka naɗa wa Kalla rawani, aka yi fatiha.

Ko gidansa bai biya ba. Da sabon rawaninsa ya nufo gidanmu, gari duka a bayansa, mata da ƙore, maza da buhuna. Na tsaya a ƙofar ɗaki. Mai gidana da kansa ya jingina masa tsani, ya riƙe masa. Kalla ya hau, ya ɗaga jinka, ya zura kai.

Ya daɗe a haka. Ya daɗe har wani yaro ya fara kuka aka rufe masa baki. Abin da ke ciki, daga baya na ji, 'yan damman iri ne kawai a jingine a gindi, sai ƙasa a share. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya. Ya dubi jama'a daga can sama, ya dubi ƙoren da ke hannunsu, ya mayar da jinka ya danne ta da kyau, ya sauko a hankali.

"Na ga abin da ke ciki da idona," ya ce da ƙarfi. "Daga yau rumbun nan yana hannuna. Ba mai hawa sai ni da mai shi. Ba za a raba ba sai ruwa ya sauka, kuma wanda ya bar gari ba shi da rabo."

Aka yi gunaguni, wasu suka tofa yawu wajen mai gidana, amma aka watse, kowa ya koma gidansa. Kalla ya tsaya kamar yana gyara takalmi har tsakar gida ta zama ba kowa sai su biyu. Ni ina bayan asabari.

"Yaya," in ji Kalla, "ina hatsin?"

"Ka ci, na ci. Masakin da Baba ke rabawa duk Juma'a, daga ina kake tsammani?"

Kalla ya dafa rumbun. "Me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ka tambaye ni ba, Kalla. Waƙa ka aiko mini."

Ban taɓa ganin mai rawani na share hawaye da bakin rawaninsa ba sai ranar.

Bayan kwana kaɗan dokin Kalla ya tafi kasuwa, wai ciwon ƙafa ya kama shi. Raƙumarsa ta bi baya. Sai ga sabon mai gari ya tsiri zuwa gaida yayansa kowace safiya, cikin babbar riga har biyu, yana tafiya kamar mai cikin wata tara. Ni mai cikin gaske ina kallonsa ina danne dariya. Su hau tsani su biyu, su shige, in ji hatsi na zuba a ƙasan rumbu. Haka suka yi ta tarawa, kaɗan-kaɗan. A waje kuwa waƙa na nan, mai gidana na wucewa ana rera masa.

Ruwan ya zo da la'asar. Gabas ta haɗe, iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru, sannan aka ji ƙamshin ƙasa tun kafin ɗigon farko. Na fito na tsaya a tsakar gida ruwa na dukana, ban damu ba. Washegari Kalla ya hau rumbu ya fito da iri, ya raba gida-gida, da ɗan abin tuwo a kai, ya ce saura sai an yi noman farko. Gari duka ya fita shuka, maza na saran rami da sungumi, mu muna bi muna jefa iri muna takewa. Kafin gero ya rufe ƙasa tafasa da gasaya sun fito, muka cika tukwane da ganye. Duk Juma'a Kalla ya hau ya fito da masaki guda, ya ce saura sai wani mako. Da haka muka lallaɓa har aka gasa tumun farko. Ranar maƙwabciyata ta aiko mini da nata, yaranta duk suna raye.

Sai da aka fara yankan gero Kalla ya tara mutane a gindin aduwa ya faɗi komai, har geron da aka zubar a hanyar zango, ya ce da saninsa aka yi. Ya sa dattawa suka hau suka leƙa. Ya kwance rawani ya ajiye a gaban yayansa. Mai gidana ya ɗauka ya mayar masa.

"Ya zauna maka," ya ce. "Ni dai ka tara mini gayya, gerona na zubewa, ba ni da jaki."

Gayyar da aka yi a gonarmu ban sake ganin irinta ba. Mutanen da suka matsa masa a sahu su ne a gaba, suna aiki ba sa iya haɗa ido da shi. Kalla ya hana waƙar. Yaha ta zo har ɗakina ta durƙusa tana kuka, na yafe mata, ta karɓi taɓarya don ta taya ni daka. Ba ta yi bugu goma ba na ji tana gunguninta a hanci. Ta kama bakinta, muka dubi juna, muka fashe da dariya. Gaskiya an faɗe ta sau ɗaya a gindin aduwa, waƙa kuwa kullum sai an yi daka.

Ranar da aka gama zuba dami, jaririna na baya, mai gidana ya ce in zo in riƙe masa tsani. Ya hau ya shiga, sai na ji ya yi tari da gangan. Ya leƙo da kai.

"Dije, ya amsa?"

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. "Bai amsa ba, Malam."

"To, alhamdu lillahi. Tun ranar da na kawo miki tsaba kika fara rage furarki kina ƙara mini a tawa. Kin ɗauka ban gani ba?"

Ba mu sake tada maganar ba har ya rasu. Rumbun ma ya daɗe da rushewa, wurin yanzu turken awaki ne. Kalla, Yaha, maƙwabciyata, duk sun tafi. Jaririn da ke bayana ranar shi ne kakan Zuwaira, shi ma ya riga ni.

Jiya na kira ta na ba ta labarin nan kaf. Ta zauna da taɓarya a cinya, idonta ya cika.

"Kaka, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ba zan ƙara rera ta ba."

Duk waɗanda suka san shi sun kwanta. Ni da na rage, bakina ba ya faɗar sunansa. In yarinyar nan ta yi shiru, a ina zan ƙara jin sa?

"Ke, tashi ki ƙarasa dakanki," na ce mata. "Ki rera. Amma in kin zo kan sunan, ki ɗan ja shi a hankali, kunnena ya yi nauyi."